Jiki Ba Ya Mantuwa: Kimiyyar Komawa Wasan Zari-Ruga Bayan an Manyanta

Gabatarwa

A ƙasashen da wasan ƙwallon zari-ruga ya zauna da gindinsa, irin su Ingila da Wales da Ailan, akwai wani abu da kusan kowace ƙungiya ta saba gani. Yaro yakan fara wasa tun yana firamare, ya ci gaba har sakandare ko jami'a, sa'an nan a neme shi a fili a rasa. Aiki ya zo, aure ya zo, 'ya'ya sun zo, ko kuwa wani rauni a gwiwa ya zaunar da shi. Bayan shekara goma sha biyar ko ashirin sai sha'awa ta motsa, amma tsoro ya hana shi komawa, domin jiki ya yi nauyi, numfashi ya gajarta, ga kuma kunyar shiga cikin samari.

A ɗaya gefen kuma akwai mutanen da ba a taɓa barin su shiga filin ba tun farko, saboda wata naƙasa ta jiki ko ta fahimta. Tun daga shekarun 1990 aka fara samun ƙungiyoyin da suka haɗa waɗannan rukunoni biyu a riga ɗaya. A wannan maƙala za mu kira su ƙungiyoyin haɗaka, wato waɗanda masu naƙasa da marasa naƙasa ke wasa tare a cikinsu, kowa gwargwadon iyawarsa.

Abin da ya ja hankalin mai nazarin halittu a nan shi ne: me ke faruwa a jikin ɗan shekara arba'in da ya koma irin wannan wasa mai karo da kayarwa? Amsar a taƙaice ita ce, jiki yana riƙe abubuwa da yawa daga abin da ya koya, amma sassansa ba sa farfaɗowa lokaci guda. Wani sashe yakan dawo cikin kwanaki, wani cikin makonni, wani sai bayan watanni. A cikin wannan tazara haɗari yake, kuma a nan ne amfanin ƙungiyoyin haɗaka ya fi fitowa fili.

Wasan da Yadda Haɗaka ta Faro

Zari-ruga ya samo asali ne a makarantar garin Rugby ta ƙasar Ingila a ƙarni na 19, kuma an kafa hukumarsa ta Ingila a shekarar 1871. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 15, ana kuma wasan na minti 80 da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ɗan wasa yakan rungumi ƙwallon ya ruga da ita, ba ya miƙa ta da hannu sai ga wanda ke bayansa ko gefensa, abokan hamayya kuma suna da damar kama shi su kayar. Wanda ya dangwarar da ƙwallo a bayan layin abokan hamayya ya ci maki 5. Akwai kuma wani tsari da ake kira sikiram, inda 'yan wasa takwas-takwas ke sunkuyawa su sarƙe kafaɗu, su yi ta turereniya don ƙwace ƙwallo.

Ƙungiyoyin haɗaka na farko sun bayyana ne a kudancin Wales: Swansea Gladiators a shekarar 1991, sai Llanelli Warriors a 1995. A Ingila kuwa labarin ya faro ne daga wani matashi mai suna Anthony Brooke, wanda ke da larurar da likitoci ke kira sarebiral falsi, wato raunin ƙwaƙwalwa da kan auku kafin haihuwa ko a lokacinta ko jim kaɗan bayanta, wanda ke sa sarrafa tsoka ya yi wuya. Brooke ya so ya yi zari-ruga na sosai, mai kamu da kayarwa, amma sai aka yi ta nuna masa nau'in da ba a karo a cikinsa. Bai yarda ba. Da taimakon malaminsa Mark Goodwin, aka kafa ƙungiyar Bumble Bees a shekarar 2009, a ƙarƙashin kulob ɗin Bradford da Bingley.

Daga wannan yunƙuri aka samu cibiyar da ake kira International Mixed Ability Sports, wadda ta shirya gasar duniya ta farko a Bradford a shekarar 2015. Ƙungiyar Sunday's Well Rebels ta birnin Cork a Ailan ce ta ci kofin. An yi gasa ta biyu a Vitoria-Gasteiz ta ƙasar Sifaniya a 2017, inda Pumpas XV ta Ajantina ta yi nasara. Ta uku an yi ta a Cork a 2022, da 'yan wasa fiye da dubu ɗaya, kuma a nan aka fara gasar mata. Ta huɗu an yi ta a Pamplona ta Sifaniya a 2025.

Ya kamata mai karatu ya lura da bambanci guda. A yawancin wasannin masu naƙasa, akan tantance 'yan wasa a rarraba su aji-aji bisa irin naƙasarsu, su kara da juna. A haɗaka ba a yin haka. Mai larurar Down da direban babbar mota da likitan da ya yi shekara ashirin bai taɓa ƙwallo ba duk 'yan ƙungiya ɗaya ne, a kulob na kowa da kowa. Dokokin wasan kuma su ne na kullum, in ban da babban sauyi guda: ana yin sikiram amma ba a turereniya a cikinsa.

Abin da Jiki ke Asara Idan an Zauna

Bari mu fara da zuciya da huhu. Ma'aunin da masana ke amfani da shi wajen gane juriyar mutum shi ne iyakar iskar oksijin da jikinsa zai iya sarrafawa a minti guda yayin aiki mai tsanani. A shekarar 1966, a birnin Dallas na Amurka, aka kwantar da samari biyar masu kimanin shekara 20 a gado na mako uku, ba tare da suna da wata cuta ba. Da suka tashi, wannan ma'auni nasu ya ragu da kimanin kashi 27 cikin ɗari. Dalili kuwa shi ne ruwan jini ya ragu, kuma yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu ya yi ƙasa.

Bayan shekara 30, wato a 1996, aka sake kiran mutanen nan biyar, suna da kimanin shekara 50, aka auna su. Sai aka tarar cewa ɓarnar da shekara talatin ta yi wa juriyarsu ba ta kai wadda mako uku na kwanciya ya yi ba. Bugu da ƙari, da aka sa su motsa jiki a hankali a hankali na wata shida, juriyarsu ta koma kusan inda take suna samari kafin a kwantar da su. Ke nan, da yawa daga abin da muke ɗora wa tsufa, laifin zama ne.

Duk da haka, shekaru suna da nasu rabon. Iyakar bugun zuciya tana raguwa ko da mutum yana motsa jiki. Wani lissafi da aka fitar a 2001 ya ce a ninka shekarun mutum da 0.7, a cire sakamakon daga 208. Bisa wannan, ɗan shekara 20 zai sami kimanin bugu 194 a minti, ɗan shekara 40 kuma 180. Tsoka ma tana raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma bayan mutum ya wuce talatin, kuma zaruruwan tsoka masu saurin aiki, waɗanda ake zabura da tsalle da su, sun fi saurin ƙanƙancewa. Wannan ne ya sa dattijo kan iya doguwar tafiya amma ya kasa tsere wa yaro a taku goma.

Abin da Jiki ke Riƙewa

Wanda ya koyi hawan keke yana yaro ba ya sake koyo, ko da ya yi shekara talatin bai hau ba. Haka abin yake ga miƙa ƙwallo da sanin yadda ake faɗuwa. Irin wannan ƙwarewa tana zaune ne a cikin hanyoyin sadarwar ƙwaƙwalwa, musamman ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, da wasu cibiyoyi da ke can cikin tsakiya. Da zarar an yi ta maimaita motsi har ya zauna, hanyoyin sukan daɗe ƙwarai ba su goge ba. Shi ya sa mai komawa wasa kan yi mamakin yadda hannunsa ya cafe ƙwallo tun a ranar farko.

Ita ma tsoka tana da nata irin tunin. Yawancin nau'o'in ƙwayoyin halittar jikinmu cibiya ɗaya gare su, wato wurin da ke ɗauke da umarnin gado. Zaren tsoka kuwa dogo ne, yana da cibiyoyi masu yawa, kowace tana kula da ƙera furotin a yankinta. A shekarar 2010, Kristian Gundersen da abokan aikinsa a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe suka nuna a jikin ɓeraye cewa idan aka ɗora wa tsoka aiki, tana ƙara yawan cibiyoyin nan kafin ta ƙara girma, kuma idan aka daina aikin, zaren yakan rame amma cibiyoyin da aka ƙara suna nan. Abin ya yi kama da masaƙar da ciniki ya ja baya aka rage aiki, amma ba a sayar da injuna ba. Ranar da ciniki ya dawo, ba sai an sake gini ba. Masana suna ci gaba da muhawara kan ko haka abin yake daidai a jikin ɗan Adam.

A 2018 kuma, masu bincike a Jami'ar Keele ta Ingila suka sa wasu maza ɗaga nauyi na mako bakwai, suka huta mako bakwai, sa'an nan suka sake yin mako bakwai. A zagaye na biyu tsokarsu ta fi girma fiye da na farko. An kuma gano cewa wasu alamomin sinadari da ke manne a jikin kayan gado, waɗanda ke buɗe ko rufe aikin ƙwayoyin gado, sun kasance a yadda horon farko ya bar su har a lokacin hutun.

Har ila yau, ƙofar ƙarfafa tsoka ba ta rufewa da shekaru. A 1990, Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston suka horar da tsofaffi masu kimanin shekara 90 na mako takwas, ƙarfin tsokar cinyarsu ya ninka fiye da sau biyu. Yawancin ƙarfin da ake samu a makonnin farko na horo ba daga girman tsoka yake zuwa ba, daga ƙwaƙwalwa ne da laka, waɗanda ke koyon tayar da zaruruwa masu yawa a lokaci guda.

Agara: Inda Gizo ke Saƙa

Tsoka ba ta jan ƙashi kai tsaye. Tana ja ne ta hanyar wata farar igiya mai tauri, irin wadda mahauta ke kira agara, kuma mafi girmanta ita ce wadda ta haɗa tsokar sha-raɓa da diddige. An gina ta ne da wani furotin mai suna kolajin, jini kaɗan ne ke ratsa ta, ƙwayoyin halittarta kuma ba su da yawa. Saboda haka ba ta saurin sabuntuwa.

Wani bincike mai ban sha'awa da aka yi a Kofanhegan ta ƙasar Danmak, aka buga a 2013, ya nuna iyakar wannan jinkiri. Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya da manyan ƙasashe suka yi a sarari tsakanin 1955 da 1963 sun ƙara yawan wani nau'in kabon, mai suna kabon-14, a cikin iska. Daga baya yawansa ya yi ta raguwa shekara bayan shekara. Tsirrai suna ɗaukarsa daga iska, mu kuma muna samunsa daga abinci, don haka kowane nama a jikinmu yana ɗauke da hatimin shekarar da aka gina shi. Katja Heinemeier da abokan aikinta suka auna agarar diddige daga gawarwakin mutanen da aka haifa tsakanin 1945 da 1983. Sai suka ga cewa tsakiyar agarar tana ɗauke da hatimin shekaru 17 na farko na rayuwar mai ita, alhali tsoka tana sabuntuwa a kai a kai. Wato ɗan shekara arba'in yana gudu ne da igiyar da jikinsa ya tufka tun yana ɗan sakandare.

Wannan ba yana nufin agara ba ta amsa horo ba ne. Tana ƙara tauri da ƙarfi, sai dai tana buƙatar watanni ana ɗora mata nauyi daidai gwargwado. Haka ma ƙashi. Tun a 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sauya gininsa bisa nauyin da yake ɗauka, amma zagaye ɗaya na rushe tsohon ƙashi da gina sabo yakan ci watanni.

To, mai karatu ya haɗa waɗannan bayanai wuri guda. A ranar farko ƙwaƙwalwa ta tuna yadda ake zabura da kauce wa mai kamu. Bayan 'yan makonni numfashi ya gyaru, tsoka ta fara ja da ƙarfi. Agara da ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure gwiwa kuwa suna can baya ba su iso ba. Mutum yana jin kansa kamar saurayi, sai ya ba da umarnin da igiyar ba za ta iya ɗauka ba. Ba abin mamaki ba ne da tsinkewar agarar diddige ta fi yawa a tsakanin maza masu shekara 30 zuwa 50 da ke wasa jefi-jefi. Wanda hakan ta same shi yakan ji kamar an doke shi da sanda a bayan ƙafa, kuma jinyar takan ɗauki watanni masu yawa kafin a koma fili.

Dalilin da ya sa Haɗaka ta Dace da Mai Komawa

Idan mai komawa ya faɗa ƙungiyar da ke neman kofi ido rufe, saurin wasan ne zai tsara masa abin da zai yi, ba shirin jikinsa ba. Ƙungiyar haɗaka kuwa an gina ta ne tun tushe a kan sanin cewa 'yan wasa ba ɗaya suke ba. Mai horarwa ya saba tambayar kowa abin da zai iya da abin da ba zai iya ba, kuma babu kunya a faɗa. Yawancin wasanninsu na sada zumunci ne. Cire turereniya daga sikiram ya kawar da ɗaya daga cikin wuraren da wuya da ƙashin baya suka fi shan matsi. Duk waɗannan an yi su ne don a buɗe ƙofa ga masu naƙasa, amma sai ga shi sun ba agarar ɗan shekara arba'in watannin da take buƙata.

Akwai kuma darasin da ɗaliban ilimin halittu suka sani a babin bambance-bambance. Wasu siffofi, kamar rukunin jini, a rarrabe suke: ko mutum yana wannan rukuni ko yana wancan. Wasu kuwa, kamar tsawo da ƙarfi da gudu da juriya, a jere suke daga ƙasa zuwa sama babu yankewa. Iya wasa yana cikin kashi na biyu. Saurayi mai larurar fahimta da ke horo sau biyu a mako yana iya fin ma'aikacin ofis mara naƙasa gudu da juriya nesa ba kusa ba. Shi kansa zari-ruga wasa ne da ke neman jiki iri-iri: kakkaura a gaba, dogo mai cafe ƙwallo a sama, gajere mai wayo a tsakiya, siriri mai gudu a gefe. Yatsun hannu ba tsawonsu ɗaya ba, amma tare suke damƙa.

Abu na uku shi ne zumunci, wanda shi ma yana da tushe a cikin jiki. A 2009, Emma Cohen da Robin Dunbar da abokan aikinsu a Jami'ar Oxford suka auna jure wa zafi a wurin 'yan tseren kwale-kwale 12, ta hanyar matse hannu da abin awon hawan jini. Ƙarin juriyar da suka samu bayan sun yi tuƙi tare ya kusan ninka wanda suka samu bayan kowa ya yi shi kaɗai. Masu binciken sun danganta wannan da sinadaran endofin, waɗanda ƙwaƙwalwa ke fitarwa don rage zafi da sanya nishaɗi. A 2010 kuma, Julianne Holt-Lunstad ta tattara bincike 148 da suka shafi mutane fiye da 300,000, ta tarar cewa masu ƙaƙƙarfar hulɗa da jama'a sun fi waɗanda ke kaɗaice damar ci gaba da rayuwa a tsawon lokacin binciken da kimanin kashi 50 cikin ɗari. Motsa jiki ba ya amfani sai an ɗore, kuma wanda abokai ke jira a fili ya fi wuyar fashi.

Ga masu naƙasa, batun ya wuce nishaɗi. Wani binciken gwamnati da aka fitar a Ingila a 2013 ya nuna cewa maza masu larurar fahimta suna rasuwa kimanin shekara 13 kafin sauran maza, mata kuma kimanin shekara 20 kafin sauran mata. Dalilan suna da yawa, har da jinkirin gano cuta a asibiti, amma zama wuri ɗaya da ƙiba da kaɗaici suna cikin abubuwan da ke addabar wannan rukuni. A ƙa'idojinta na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, ta kuma bayyana cewa shawarar ta haɗa da masu naƙasa.

Matakan Kariya

Haɗaka ba ta mayar da zari-ruga wasan da babu haɗari ba. Babban abin tsoro shi ne girgizar ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa taushi gare ta, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai, kuma idan kai ya tsaya ko ya juya farat ɗaya, takan girgiza har aikin ƙwayoyinta ya rikice. Ba lalle ne mutum ya suma ba. Ciwon kai da jiri da mantuwa da rashin son haske duk alamu ne. Ƙa'idojin da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 2023 don wasannin unguwa sun ce a fitar da duk wanda ake zargi nan take, kuma kada ya koma gasa kafin kwana 21. A watan Yulin 2023 hukumar zari-ruga ta Ingila ta saukar da iyakar kamu a wasannin da ba na ƙwararru ba zuwa ƙasa da ƙashin ƙirji, don rage karon kai da kai. A ƙungiyar haɗaka akwai ƙarin nauyi a kan abokan wasa, domin wani ɗan wasa ba zai iya bayyana abin da yake ji da baki ba. Wanda ya san halinsa na yau da kullum ne zai gane ya sauya.

Shirya jiki kafin wasa ma yana da tasiri. Masu bincike a Jami'ar Bath sun gwada wani tsarin ɗumama jiki mai ƙarfafa wuya da ƙafafu da koyar da daidaito a ƙungiyoyin manya 81 na Ingila. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna raguwar raunin ƙafa da kimanin kashi 40 cikin ɗari, girgizar ƙwaƙwalwa kuma da kimanin kashi 60.

Wasu larurori suna buƙatar ganin likita tukuna. Larurar Down tana samuwa ne idan mutum yana da kuromozom na 21 guda uku maimakon biyu. Kusan rabin jariran da ake haifa da ita suna zuwa da matsalar zuciya, wasu kuma suna da sassauci tsakanin ƙasusuwan wuya biyu na sama, abin da zai iya jawo matsi a kan laka. Irin wannan ɗan wasa sai an duba shi kafin ya shiga kamu. Haka shi ma mai komawa da ya haura arba'in ya kamata a auna hawan jininsa da sukarinsa. Ciwon ƙirji ko suma ko matsanancin haki yayin gudu ba abin daurewa ba ne, abin zuwa asibiti ne. Bayan haka sai a bi tsari: tafiya da sassarfa da ƙarfafa tsoka na makonni, sa'an nan gudu da juyi, sa'an nan koyon faɗuwa da kamu, wasa ya zo a ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasi ga Makarantunmu

Zari-ruga bai yaɗu a makarantunmu ba, amma tambayar da haɗaka ta tayar ta shafe mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tasiri. A Nijeriya muna da misalin ƙwallon guragu, wadda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, ta kuma nuna irin bajintar waɗanda shan-inna ta taɓa. Wannan hanya ɗaya ce, inda masu larura iri ɗaya ke da wasansu. Haɗaka hanya ce ta biyu, kuma malamin motsa jiki zai iya gwada ta a kowane wasa, maimakon a bar ɗalibi mai ɗingishi a gindin bishiya yana gadin jakunkuna.

Malamin ilimin halittu kuma zai iya nuna wa aji gaskiyar wannan bayani da agogo kawai. Kowane ɗalibi ya ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa na daƙiƙa 15 yana zaune, ya ninka sau huɗu. Sa'an nan ya yi minti uku yana motsa jiki gwargwadon halinsa, ko hawa da sauka a dakali, ko ɗaga hannuwa da sauri ga wanda ba ya iya tsayuwa. A sake ƙirgawa nan take, da kuma bayan minti ɗaya. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu tana nuna saurin farfaɗowar zuciya. A zana sakamakon ajin duka a allo, za a ga a jere yake babu yankewa. In an yi mako shida ana motsa jiki sau uku a mako, a maimaita awon, kowa ya kwatanta da nasa na farko.

Kammalawa

Mun ga cewa wanda ya bar fili shekara ashirin bai rasa komai da komai ba. Ƙwaƙwalwarsa ta riƙe ƙwarewa, tsokarsa a shirye take ta sake ginuwa, zuciyarsa kuma tana amsa horo ko ya kai hamsin. Abin da yake bukata shi ne lokaci don agara da ƙashi su cim ma sauran sassa, da kuma abokan da za su sa ya ɗore. Ƙungiyoyin da Anthony Brooke da ire-irensa suka yi fafutukar kafawa don a ba masu naƙasa wuri sun samar da waɗannan abubuwa biyu, har masu lafiyar da suka shigo da niyyar taimakawa suka tarar su ma an taimake su. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, kuma a wannan batu ilimin halittu ya goyi bayansu.